'Yancin Magana da Iyakarsa

A karanta kafin taro: Ayyukan Manzanni 4:1-31 da 19:23-41; 1 Sama'ila 22:6-23; Ezekiyel 33:1-9.

A wannan darasi za mu duba wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu bi a ƙasar Filato, watau ko mutum yana da iko ya faɗi dukan abin da ya ga dama, in kuwa akwai iyaka, ina ta ke, wa kuma ya kafa ta. Wannan ba gardamar 'yan makaranta ba ce a gare mu. Akwai unguwanni a Jos inda dā Kirista da Musulmi su ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, yau kuwa kowa ya koma cikin nasa. In an bi sawun abin a hankali, sau da yawa za a tarar magana ce ta riga shiga unguwa kafin wuta ta shiga.

Bari mu fara da kalma guda. Mu da mu ke aikin juya Littafi Mai Tsarki mun sha tsayawa a kan wata kalmar Helenanci, parresiya. Asalinta kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya ma'anarta duka, ɗaya kuwa faɗi. A birnin Atina na dā, ita ce ikon da ɗan gari ya ke da shi ya tashi cikin taron jama'a ya faɗi abin da ke ransa. Bawa da baƙo ba su da rabo a ciki. Da Hausa wani wuri mu kan ce gabagaɗi, wani wuri a fili, wani wuri kuma ba tsoro, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya ɗauke ta gaba ɗaya. Luka ya ɗauki wannan kalma ta manyan gari ya ɗora ta a kan masunta biyu daga Galili, waɗanda ba su da ilimin malamai, ba su kuwa da kujera a kowace majalisa.

Kun karanta labarin. An warkar da gurgu a ƙofar haikali, aka kama Bitrus da Yohanna, suka kwana a tsare, da safe aka tsai da su gaban shugabanni. Aka kwaɓe su kada su ƙara magana da sunan Yesu. Ba su zagi kowa ba, ba su kuwa kira jama'a su taso ba. Sun bar wa majalisa ta auna da kanta ko daidai ne a bi umarnin mutum a bar na Allah, suka kuma faɗa musu ba shi yiwuwa su rufe baki a kan abin da idonsu ya gani, kunnensu kuma ya ji. Ku lura da abu uku a nan, gama za mu komo gare su. Abin da suka faɗa shaidar ido ce, mutumin da aka warkar ma yana tsaye kusa da su. Sun faɗe shi a gaban fuskar waɗanda maganar ta shafa. Sa'ad da kuma lokacin biya ya zo, a sura ta biyar, bayansu ne ya sha bulala, ba na wani ba. Da suka koma wurin 'yan'uwa, addu'ar ekklesiya ba ta roƙi a hallaka majalisa ba, ƙarin wannan gabagaɗi ta roƙa.

Me ya sa 'yancin nan ya ke da daraja haka? Domin bishara magana ce, da baki a ke faɗinta, da kunne a ke karɓarta, kuma bangaskiyar da aka cusa wa mutum da ƙarfi ba bangaskiya ba ce. Domin kuma mai mulki yana bukatar wanda zai faɗa masa abin da ba ya so ya ji. Ahab yana da annabawa wajen ɗari huɗu masu gaya masa abin da ke faranta masa rai, Mikaiya kaɗai ya faɗa masa gaskiya, shi ne kuwa aka mara aka jefa a kurkuku. Amma Ahab bai komo da rai daga Ramot-gileyad ba. Sarki Yehoyakim ya yanyanka littafin Irmiya da wuƙa yana jefawa a wuta, wannan bai hana rundunar Babila zuwa ba.

Mu a ƙasan nan mun san ɗanɗanon rashin wannan 'yanci. Sa'ad da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawari gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin mutane ba. Masu mulki na Turawa suka riƙi alkawarin nan hujja, suka hana masu bishara kafa tasha cikin ƙasashen sarakunan Musulmi sai da izini, izinin kuwa da wuya a ke samunsa. Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aka fitar da aikin bayan gari zuwa Wusasa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aikin mishan ya taru a tudun nan, a Panyam tun 1907, a Gindiri tun 1934, har Jos ta zama cibiyar buga littattafan Kirista da Hausa. Da mulkin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu suka ji tsoron abin da zai same su, aka naɗa Kwamitin Willink a 1957 ya saurari kukansu. A rahotonsa na 1958 bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin tsarin mulki, haka kuwa aka yi a tsarin 1960. Daga wannan tushe ne sashe na 38 da na 39 na tsarin mulkin 1999 suka fito, ɗaya a kan 'yancin addini har da na sāke addini da yaɗa shi, ɗaya a kan 'yancin faɗin ra'ayi. Mai wa'azin da ya tsaya a kasuwar Bukuru da Littafi a hannu yana cin amfanin abin da iyayenmu suka nema da hawaye.

Kada dai mu yi fahariya kamar ekklesiya kullum tana wajen wanda aka toshe wa baki. Sa'ad da iko ya shiga hannunta, ita ma ta toshe na waɗansu. William Tyndale, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Ingilishi, an shaƙe shi aka ƙone gawarsa a 1536 kusa da birnin Brussels. Mika'ilu Servetus, wanda ya musanci koyarwar Triniti, an ƙone shi da rai a Geneva a 1553, a zamanin Calvin, da yardar mutanen da mu ke karanta littattafansu a makarantun tauhidi. Koyarwar Servetus kuskure ce, ba mu da shakka. Kisansa kuwa zunubi ne, ba mu da shakka a kan wannan ma. Waɗanda suka kashe mutanen nan biyu duk masu baftisma ne, kowannensu kuma yana tsammani darajar Allah ya ke karewa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana sarai cewa ba makamin da ya fi zargin saɓo sauƙin ɗauka. Nabot ya ƙi sayar da gonar inabin kakanninsa. Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, aka yi shelar azumi, aka samo 'yan iska biyu suka ce sun ji Nabot ya zagi Allah da sarki. Aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi. Jama'ar da suka ɗauki duwatsu suna tsammani aikin addini su ke yi, ashe gona a ke nema. Da irin wannan zargi aka kashe Istifanus. Da shi kuma aka yanke wa Ubangijinmu hukunci a gidan babban firist. Mai bin wanda aka gicciye bisa zargin saɓo ya kamata jikinsa ya yi rawa duk sa'ad da ya ji an kashe mutum saboda abin da aka ce ya faɗa.

Ba labarin dā kaɗai ba ne. Ran 12 ga Mayu 2022 aka jajjefe Deborah Samuel aka ƙone ta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, saboda saƙon murya da ta aika wa 'yan ajinsu ta WhatsApp. Bayan 'yan kwanaki aka kama Rhoda Jatau a Jihar Bauci domin ta tura wani bidiyo mai la'antar kisan. Ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, kotu kuwa ta wanke ta a Disamba 2024. Waɗannan namu ne, kukansu bai yi mana wuya ba. Amma a Yuni 2023 taron mutane ya kashe wani mahauci Musulmi a Sakkwato bisa irin wannan zargi. Mubarak Bala kuma, wanda ya ce bai gaskata da Allah ba sam, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a Afrilu 2022 saboda abin da ya rubuta a Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa 5 a 2024. Ra'ayinsa ya saɓa wa bangaskiyarmu kamar yadda ya saɓa wa ta maƙwabtanmu. To, ekklesiyoyi nawa ne suka ambaci waɗannan biyu cikin addu'a? In 'yancin da mu ke nema na bakinmu ne kaɗai, gata mu ke nema, gata kuwa ya kan sāke hannu ran da iko ya sāke hannu.

Yanzu sai batun iyaka. Tsarin mulki da kansa, a sashe na 45, ya bar wa gwamnati ƙofa ta taƙaita magana domin tsaron ƙasa, da zaman lafiyar jama'a, da kare haƙƙin waɗansu. Lalle ana bukatar wannan, gama mai kiran a kashe mutane ba ra'ayi ya ke bayarwa ba. Amma ƙofar nan tana da haɗari. Doka ta 4 ta 1984, a zamanin mulkin soja, ta sa aka ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, ba domin sun zuga kowa ya zub da jini ba. Saboda haka ba mu ɗokin a ƙara wa hukuma igiyar ɗaure baki. Iyakar da ta fi damunmu a wannan darasi wata ce dabam, wadda ɗan sanda ba ya iya gani, wadda kuma ta fi ta doka matsi.

Ku juya zuwa 1 Sama'ila 22. Dawuda yana gudun Saul, ya biya ta Nob, ya gaya wa firist Ahimelek wai sarki ne ya aike shi da wani sha'ani na asiri. Firist ya gaskata, ya ba shi gurasa da takobin Goliyat. Akwai wani mutum a wurin a ranan nan, Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Saul. (Kada kowa ya tsaya a kan kiwonsa ya ce ga halin makiyaya, gama Dawuda ma daga bayan tumaki aka kira shi.) Bayan wannan, Saul yana zaune a Gibeya da mashi a hannu, yana gunaguni wai kowa ya haɗa baki a kansa, ba mai gaya masa kome. Sai Doyeg ya buɗe baki ya ba da labarin gurasar da takobin. Ku duba da kyau: ya ga Dawuda a Nob, gaskiya ne, an ba da gurasa, gaskiya ne, an ba da takobi, gaskiya ne. Abin da bai shiga labarinsa ba shi ne firist ya yi wannan da zuciya ɗaya, yana tsammani hidimar sarki ya ke yi. Gutsuren gaskiya ya kai wa mutumin da kishi ya riga ya haukata, a sa'ar da ya san abin da zai haifa. Firistoci 85 suka mutu a ranan nan, aka kuma hallaka garin Nob, maza da mata da jarirai da dabbobi. Abiyata kaɗai ya tsira. Da ya kai wa Dawuda labari, Dawuda bai ɗora laifin duka a kan Doyeg ba, ya amsa cewa shi ma yana da hannu cikin jinin nan, gama ya ga Doyeg a wurin, ya kuwa san zai faɗa.

Ga bambancin Bitrus da Doyeg. Dukansu biyu sun faɗi abin da suka gani a gaban mai iko. Amma Bitrus ya sa wuyansa, Doyeg kuwa ya sa wuyan waɗansu. Wannan ita ce tambayar da mu ke so kowane mai bi ya riƙa yi kafin magana mai nauyi ta fita bakinsa: in abin ya ɓaci, wa zai biya?

Jos ta ba mu amsar wannan tambaya fiye da sau ɗaya. Kafin rikicin da ya ɓarke ran Jumma'a 7 ga Satumba 2001 a wajen Congo-Russia, an yi makonni ana musayar takardun barazana da maganganu masu zafi daga ɓangarorin biyu a kan wani muƙamin gwamnati a Jos ta Arewa. Cikin mako guda mutum wajen 1,000 suka mutu. Yawancinsu ba su rubuta takarda ko ɗaya ba, ba su kuwa nemi muƙamin ba. A Janairu 2010, sa'ad da fiye da mutum 300 suka hallaka a Jos da Bukuru da Kuru Karama, saƙonnin waya ne suka yi ta yawo: wani yana gargaɗin Kirista kada su sayi abinci a hannun Musulmi wai an sa guba, wani yana gaya wa Musulmi wai za a yanke musu ruwan famfo. Ba wanda ya san marubutansu. Dubban da suka tura su gaba kuwa, da yawansu mutanen kirki ne masu zuwa sujada da masu zuwa salla, kowa yana cewa a ransa gargaɗi kawai ya ke yi wa ɗan'uwa.

Na 2018 ya fi kusa da mu, ya kuwa fi ban kunya. Ran 23 ga Yuni aka kai hari a ƙauyukan Gashish cikin Barkin Ladi, aka kashe mutane da yawa, yawancinsu Kirista. Wannan ya faru, ba ƙage ba ne. Amma cikin hotunan da suka cika Facebook a kwanakin nan, binciken da BBC ta buga a Nuwamba na shekaran nan ya nuna waɗansu ba daga Gashish su ke ba; wani bidiyo ma a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Kashegari samari masu fushi suka tare hanya, suka fizgo matafiya Musulmi daga motoci, aka kashe 11 bisa ga wannan bincike. Ba ɗayansu da aka nuna ya taka Gashish. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Waya ta ɓata wannan karin magana, gama yanzu mai jan ruwan yana zaune a bushe, wataƙila a Ikko, wataƙila a Ingila, ruwan kuwa yana dūkan direba da ɗan tireda a kan hanyar Jos.

Shari'ar Musa ba ta ɗauki wannan da sauƙi ba. A Fitowa 23 an hana baza labarin ƙarya, an kuma hana bin taro zuwa mugunta, abu biyun nan kuwa suna kusa da juna a wurin domin kusa da juna su ke a duniya. A Kubawar Shari'a 19 ba a tabbatar da laifi a bakin shaida ɗaya, mai shaidar zur kuwa a kan mai da masa hukuncin da ya nufi ɗan'uwansa da shi. Nufin wannan doka shi ne kuɗin magana ya koma kan mai ita. Wanda ya tura hoton da bai san asalinsa ba ya mai da kansa shaida a shari'ar da bai halarta ba, kuma faɗin "ni ma turo mini aka yi" ba ya wanke shi, kamar yadda ba ya wanke dattawan Yezreyel da suka ce wasiƙa ce ta zo musu da hatimin sarki.

Akwai wata iyaka kuma wadda ta shafi masu wa'azi musamman. A Afisa, Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana koyarwa, har maƙerin azurfa Dimitiriyas ya ga cinikin ƙananan gumaka yana raguwa, ya tara 'yan sana'arsa ya zuga su da sunan allahiya Artimis. Gari ya ruɗe, aka cika dandali, aka yi wajen sa'a biyu ana ihu, Luka kuwa ya lura yawancin taron ba su ma san dalilin taruwarsu ba. Duk wanda ya taɓa ganin rikici a Jos ya san wannan taro. Sai magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, ya tashi ya shaida cewa mutanen da aka kama ba su yi wa haikali fashi ba, ba su kuwa zagi allahiyar ba, in akwai ƙara ga kotuna nan a buɗe. Ku yi tunani a kan wannan shaida. Bulus bai ɓoye koyarwarsa ba, maƙiyansa ma sun san yana cewa abin da hannu ya ƙera ba allah ba ne. Amma cikin dukan watannin nan ba a sami zagi ɗaya da za a riƙe shi da shi ba.

Haka ya kamata wa'azinmu ya zama. Muna da iko mu faɗa a fili Yesu Kristi Ɗan Allah ne, ya mutu a kan gicciye, ya kuma tashi, ko da ya ke maƙwabcinmu Musulmi bai yarda ba. Shi ma yana da iko ya faɗa a masallacinsa abin da littafinsa ya koya masa a kan Yesu, mu ji, mu daure, mu amsa da hujja in an tambaye mu. Wannan saɓani ne, zaman gari ɗaya kuwa yana iya ɗaukarsa. Amma mai wa'azin da ya juya lasifika wajen gidan maƙwabci yana ba'a ga abin da mutumin ya ke girmamawa fiye da ransa, domin masu sauraro su yi dariya, bai ƙara wa bishara kome ba. Shi zai naɗe kayansa ya shiga mota, gwauruwar da ke zaune a bakin layin ita za ta kwana da tsoro. Kada dai a juya wannan magana. Ko mutum ya yi wauta da bakinsa, wannan bai rage ko ƙwayar gero daga laifin wanda ya ɗauki dutse ba.

Mun san abin da waɗansunku za su ce, mun kuwa ji shi daga bakin mutanen da suka binne 'ya'yansu: "Ana kashe mu, kuna ce mana mu yi shiru?" Ba mu ce haka ba. Dogo Nahawa a Maris 2010 gaskiya ne. Harin jajiberen Kirsimeti na 2023 a Bokkos da Barkin Ladi, inda fiye da mutum 100 suka mutu, gaskiya ne. A Ezekiyel 33 mai tsaron da ya ga takobi yana zuwa bai busa ƙaho ba, a hannunsa za a nemi jinin waɗanda suka mutu. Fasto ko dattijo da ya san an kashe mutanensa, ya ƙi faɗa wa hukuma da 'yan jarida domin kada ya ɓata da manya, ya yi zunubin mai tsaron nan. Shiru ma yana da nasa alhaki.

Sai dai ku duba yadda mai tsaro ya ke. Mutanen gari ne suka zaɓe shi, sun san sunansa da gidan ubansa. Yana tsaye a kan garu inda kowa ke ganinsa, har maƙiyi. Abin da ya hango shi ya ke faɗi, daga wace kusurwa, a wane lokaci. Ƙahonsa kuma domin mutane su tsira ne. In ya busa a banza, gobe za a tambaye shi. Saƙon da ya ce an ga mutane da makamai a gefen ƙauye kaza da ƙarfe kaza, wane ne ya gani, ku kwashe yara, ku kira jami'an tsaro, wannan ƙahon mai tsaro ne. Saƙon da ya zo ba suna, ba rana, ba wuri, sai hoton gawa da kira ga samari su tashi, wannan muryar Doyeg ce, ko da an rufe shi da aya da Amin.

A ranar da aka kai harin nan na Yuni 2018, mutane suka gudu zuwa ƙauyen Nghar Yelwa. Limamin wurin, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya shigar da mutum 262, yawancinsu Kirista, waɗansu cikin gidansa, waɗansu cikin masallaci. Da maharan suka iso suka nemi ya fito da su, ya tsaya a waje ya ƙi, ya yi ta roƙonsu, har ya miƙa ransa a maimakon nasu. Ba shi da bindiga, baki kaɗai gare shi. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma a 2019. Bangaskiyarsa ba tamu ba ce, ba ma kuwa ɓoye wannan. Amma Luka bai ji kunyar rubuta maganar Gamaliyel da ta magatakardan Afisa cikin tarihin ekklesiya ba, mu ma ba za mu ji kunyar cewa alamun nan uku da muka gani a wurin Bitrus sun bayyana a ƙofar masallacin nan ba: ya san abin da ya ke faɗi, ya faɗe shi a fuskar masu makami, wuyan da ya sa kuwa nasa ne. Rana ɗaya ce tsakanin wannan da abin da aka yi a kan hanya da sunan ramuwa.

Kafin a rufe taro da addu'a, mai jagora ya roƙi duk wanda ke da waya ya buɗe ta, ya nemo saƙo na ƙarshe da ya tura wa waɗansu a kan hari, ko a kan wata ƙabila, ko a kan addinin maƙwabta, ko na zumuntar mata ne, ko na ƙungiyar matasa, ko na dangi. Ba sai ya karanta wa jama'a ba. Ya juya ga wanda ke zaune kusa da shi ya gaya masa sunan mutumin da ya ga abin da idonsa, da ranar da ya faru, da garin. Waɗanda ba su iya ba su zauna tare bayan taro, su shawarta abin da za su rubuta wa mutanen da suka tura wa saƙon.